Mai Faci a Sabon Tasha

Ni mai faci ne. A bakin titin Sabon Tasha,
gab da inda motocin Kachia ke lodi,
nan injina ke tari tun da asuba,
nan nake tsoma tub a rabin duro
in jira kumfa ta tona asirin huji.

Ran Lahadi na shiga majami'a a makare,
da baƙin mai a ƙarƙashin farce.
Baba Didam ne ke wa'azi,
tsohon ma'aikacin reluwe, murya duk ta dushe.
Ruwa na dukan kwano, ya cinye rabin maganar.
Abin da ya iso kunnena kaɗan ne:
wai masunta na tsakiyar gyaran taru,
ba su gama ɗinki ba, ba su ƙirga kifi ba,
Almasihu ya kira, suka miƙe.
"Mai cewa sai ya kammala," in ji Baba,
"bai san taru ba. Taru ba ya gama yagewa."

Na yi dariya a ciki. Na ce, tsoho,
su masuntan wa ke binsu kuɗin haya?
Ina da Kuyet a aji biyar,
ina da zubin adashi ran Juma'a,
ina da uwa a Zonkwa, ƙafarta ta ƙi ƙasa.
In na tashi, wa zai hura wutar gidana?

Litinin na tsoma tub ɗin wani ɗan acaba.
Kumfa ta taso, siririya, ba ta ko ƙara.
Na tsaya ina kallo har mai babur ya yi tsaki.
Shekara ashirin ke nan
ana ba ni iska kowace Lahadi,
kafin Talata na sace.
Ban taɓa tambayar ina hujin yake ba.

Kiran bai zo da tsawa ba.
Laraba ce, da yamma, ina haɗa kaya,
sai ga Baba Didam yana tura keke,
tayar baya a kwance kamar mataccen maciji.
Ina kankare, yana magana:
"Idona ya fara yaudarata, Shekari.
Akwai wani ƙauye bayan Kujama,
mutum goma sha ɗaya a gindin mangwaro,
ba mai karanta musu.
Ka iya karatu?"
Na ce, "Da ƙyar."
Ya ce, "Da ƙyar ɗin ya isa."

Ban amsa ba. Na karɓi kuɗin facinsa ma,
har yau abin na ba ni kunya.

Da dare na gaya wa Saraya.
Ta daɗe tana tsince shinkafa, kai a sunkuye,
sannan ta ce, "Asabar ce kasuwarka."
Na ce na sani.
Ta ce, "To, ka wanke farcen nan kafin ka taɓa Littafi."

Yanzu duk Asabar da azahar
nakan ɗaure injin da sarƙa,
motoci na tsayawa, suna hon, suna wucewa
wurin yaron da ke gaba da ni.
Ina jin kowace naira tana tafiya, ba zan ɓoye ba.
A gindin mangwaro nakan yi tuntuɓe da dogayen sunaye,
wata tsohuwa mai haƙori biyu ta gyara mini,
ita da ba ta san baƙi ba, amma ta haddace.

Ya Ubangiji, ni na san aikin nan:
faci ba ya kamawa sai an kankare wurin,
sai an shafa, an danne, an gasa da wuta.
Kankare.
Amma ka riƙe ni da hannu biyu,
don roba ce tsohuwa,
kuma hanyar Kujama duk ƙusa ce.